Tarihin Kundin Alamomi a Laburaren GCC

Manhajar da aka gina da kompailar GCC kan jingina da wasu ƙananan laburare da take nema a lokacin da take aiki. Fitattu a cikinsu su ne libgcc_s, mai kula da ayyukan ƙasa-ƙasa, da libstdc++ na harshen C++. Manhajoji dubbai ke amfani da kwafi guda, kowace tana kiran ayyukan da ke ciki da sunayensu. Waɗannan sunaye su ake kira alamomi.

Da farko lamba ɗaya ce ke tsare amana, wadda ake liƙa wa sunan laburaren. In an yi canjin da zai karya tsofaffin manhajoji, sai a ƙara lambar, a sake gina komai. Kamfanin Sun ya fito da dabarar sa wa alamomi tambarin siga a tsarin aikinsa na Solaris, laburaren C na glibc 2.1 kuma ya ɗauke ta a 1999. Da wannan ne laburare ya samu damar ƙara sabo ba tare da zubar da tsoho ba. Shi ya sa libstdc++.so.6 bai sauya suna ba tun GCC 3.4 na 2004. Tambura kawai ake ta ƙarawa.

Sai dai masu shirya ƙunshin Debian sun ci gaba da aiki da fayil ɗin shlibs, mai ba da layi ɗaya na sigar da ake bukata ga laburare sukutum. Da zarar an ƙara alama guda, duk manhajar da aka gina bayan nan sai ta nemi sabuwar siga, ko da ba ta taɓa alamar ba. A 2007 Raphaël Hertzog ya shigar da kundin alamomi cikin dpkg, manhajar sarrafa ƙunshi ta Debian. Kowace alama ta samu layinta, tare da sigar da ta fara bayyana a ciki. Dpkg-gensymbols na kwatanta kundin da laburaren da aka gina, ya tsayar da aiki in wata ta ɓace. Dpkg-shlibdeps kuma na lissafa mafi ƙarancin sigar da manhaja ke bukata.

Ga laburaren C abin ya zo da sauƙi. C++ ne ya zame wa masu ƙunshi ƙarfen ƙafa, domin kompaila na cusa nau'in bayanai cikin sunan alama. Nau'in size_t kan fito da harafin j a yawancin na'urori masu bit 32, da m a masu bit 64, don haka aiki ɗaya na da suna biyu. Dole aka riƙa ajiye kundi daban ga kowane tsarin na'ura, da wani na gamayya da suke jawowa. Daga baya aka ƙaro tambura irin su arch da optional da symver don rage tsawon jerin. Sun rage, amma ba su ɗauke wa mutum wahalar duba bambancin da ke fitowa bayan kowane gini ba.

GCC 5 na 2015 ya gwada tsarin sosai. Ƙa'idar C++11 ta tilasta sake fasalin std::string da std::list, sai aka ajiye tsoho da sabo a laburare guda, sabbin na ɗauke da __cxx11 a sunansu. Libstdc++ ya tsira da sunansa, amma wasu laburaren da ke kansa sun karye, har Debian ta sake wa ƙunshinsu suna da ƙarin v5 a ƙarshe.