Ɗakin Ƙarafan Baffa: Daga Tama Zuwa Gwangwan

Bayan sadakar arba'in ɗin Baffa aka zauna rabon abin da ya bari. Ba a yi gardama a kan gida ko gona ba. Inda magana ta tsaya shi ne wani ɗaki da ke bayan zaure, kusa da maƙerarsa, wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana tara ƙarafa a ciki. Yayanmu ya ce a kira ɗan gwangwan ya auna, a raba kuɗin, a gyara ɗakin a zuba 'yan haya. Kowa ya yi na'am, sai Inna, matar marigayin, da ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi karatun kwamfuta, shiga ka rubuta mana abin da ke ciki tukuna. Ba a sayar da kaya a duhu."

Na ce, "To, Inna."

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma rabin aikin shi ne tsara bayanai yadda za a same su ranar da ake nema. Na shiga da wayata ina ganin aikin yini guda ne. Sai da na yi mako biyu, domin abin da na ɗauka tarkace ne ashe yana da tsari, kuma bin tsarin ya kai ni ga tambayar da ban taɓa yi ba: yaushe maƙerin Bahaushe ya daina haƙo ƙarfensa daga ƙasa, ya koma tsinto shi?

Narka tama tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, masu binciken kayan tarihi sun tono murahun narka ƙarfe da suka haura shekara 2,000. A Kano kuwa, an samu shaidar aikin ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka ma ya bi wannan hanya: an ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna, kuma Abagayawa zuriyarsa ce. Ko da mutum bai ɗauki labarin a matsayin tarihi tsantsa ba, ya nuna abin da mutanen birnin suka ɗauka shi ne tushensu.

Samun ƙarfe a wancan zamani wahala ce ta gaske. Sai an haƙo tama an farfasa, an sare itace mai tauri irin ƙirya an ƙona gawayi, an gina murhun yumɓu, sannan a kwana ana kula da wuta. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai haɗe da datti, wanda sai an sake gasawa ana duka kafin kashin maƙera ya fita a samu ƙarfen ƙira. Wanda ya sha wannan wahala ba ya yar da ƙarfe. Idan garma ta cinye, a mayar da ita fartanya. Idan fartanya ta ƙare, a fitar da wuƙa ko basilla. Saboda haka ajiye tsohon ƙarfe ya girmi zuwan Turawa da ƙarnuka.

Ƙarfen waje ma ya riga mulkin mallaka shigowa. Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya ga allurai da ruwan takubba na Jamus a kasuwa, waɗanda aka ratso Sahara da su a kan raƙuma, maƙeran gida kuma suna yi wa takubban ƙota da kube. Sai dai raƙumi ba ya ɗaukar ƙarfe mai yawa, don haka manomi ya ci gaba da dogara da tamar ƙasarsa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma ba a jima ba cinikin gyaɗa ya buɗe. Abubuwa biyu suka haɗu a lokaci guda: manoma na buƙatar kayan noma fiye da da, ga kuma ƙarfe mai arha yana sauka a tasha. Akwai sandunan ƙarfe da kantunan Turawa ke sayarwa, akwai kuma wanda ba a kawo shi don sayarwa ba: langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita, garwar kananzir, ganguna, da guntayen kayan jirgi da suka lalace. Daga baya motoci suka ƙaru, kowace kuma idan ta mutu sai ta bar gawa. Maƙerin da zai iya sayen ƙarfe tatacce a kasuwa ba shi da dalilin kwana a daji yana gadin murhu. A hankali narka tama ta mutu, gari bayan gari. A shekarun 1960, da wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta so ɗaukar fim ɗin aikin a ƙasar Adar ta Nijar, tsofaffin maƙera ne suka tayar da shi daga abin da suke tunawa.

Wannan tarihi na same shi jere a ɗakin Baffa, tsoho a ƙurya, sabo a bakin ƙofa. Can ciki akwai damin langa-langa da ta yi baƙi, da wani guntun ƙarfen dogo da ya gada daga mahaifinsa, wanda yake amfani da shi kamar ƙaramar uwar maƙera. Gaba kaɗan sifirin manyan motoci ne, da ƙafafun keken Raleigh. Sai kayan Peugeot birjik, abin da ba mamaki, tunda an fara haɗa motar a Kaduna a 1975 har ta cika hanyoyin Arewa. Kusa da ƙofa kuwa sarƙoƙin babur ne da gawar ƙananan janareta. Wanda ya iya karanta ɗakin zai gane abin da mutanen gari suka hau, da abin da suka kunna, a kowane zamani.

Da farko na kasa kayan a wayata bisa asalinsu: na mota, na keke, na gini. Wani dattijo da ya yi wa Baffa zuga yana yaro ya leƙo, ya ga abin da nake yi, ya yi dariya.

Ya ce, "Ɗana, Baffanka bai damu da inda ƙarfe ya fito ba. Inda za shi yake dubawa."

Ya ɗauki guntun sifiri ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙara mai tsawo. Ya ɗauki rodi ya buga, ƙarar ta mutu nan take. Sifiri, in ji shi, idan aka gasa aka tsoma a ruwa yana yin tauri, bakinsa ya riƙe kaifi, don haka na wuƙa ne da gatari da gizago. Rodi da falle masu laushi ne, na ƙofa da murhun gawayi da maratayi. Ƙarfen zubi irin na gangar inji ba ya ƙiruwa, fashewa yake a ƙarƙashin masaba, shi ya sa aka ware shi a gefe don sayarwa kawai. Da na sake duba ɗakin da wannan ido, sai komai ya zauna. Kowane tsibi amsa ce ga wata buƙata da za ta iya shigowa zaure gobe.

Sauran ƙa'idojin ma duk suna da dalili. Ƙarfe mai kyau ba ya taɓa ƙasa: an ɗora shi a kan gungumen itace saboda danshin damina, kuma an shafa wa wasu baƙin mai don tsatsa. Masu nauyi suna ƙasa, marasa nauyi a sama, masu kaifi sun juya baki ga bango saboda jikoki. Ƙusoshi da notuna suna cikin gwangwanayen madara, an ɗaure samfuri ɗaya da waya a jikin kowane gwangwani, ta yadda wanda bai iya karatu ba ma zai san abin da ke ciki. Jan ƙarfe da tagulla suna cikin akwati mai kwaɗo, domin su ne masu tsada, su ɓarawo ke nema. Guntayen kwanon rufi suna waje, nesa da wuta, saboda hayaƙin abin da aka shafe su da shi yana sa ciwon kai da zazzaɓi. A jikin ƙofa kuma an rataye mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa a duba shi da kyau. A wurin aikinmu mukan yi taro na sa'o'i a kan irin wannan tsari. Baffa ya yi nasa ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma nan ne rauninsa: da ya rasu, saura kaɗan tsarin ya bi shi.

Yayin da ɗakuna irin wannan ke cika a gidajen maƙera, tsohon ƙarfe ya zama kasuwa mai zaman kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar zuba tukwanen dalma daga tsohon alminiyum ta bazu a Afirka ta Yamma, har ta kori tukunyar ƙasa daga madafai da yawa. Panteka a Kaduna da Katako a Yamai suka zama wuraren da ake mayar da ganga akwati, a mayar da gwangwani fitila. A ɗaya gefen, babban kamfanin Ajaokuta da aka fara ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970, don Najeriya ta koma narka tamarta, bai kai ga yin hakan ba har yau. Masana'antun da ke yin rodi a ƙasar sun dogara ƙwarai da tsohon ƙarfe. Wato yaron da ke tura kura yana kiran a kawo gwangwan shi ne ya gaji mai haƙar tama.

Wannan ya ɗaga darajar ƙarfe, ya kuma jawo masa baƙin jini. Da zarar ana biya da kilo, sikeli ba ya tambayar inda kaya ya fito. Aka fara rasa murafen kwalbati da wayoyin lantarki, har da ƙarfen dogo, kuma laifin 'yan kaɗan ya shafa wa dubban masu neman halal. A Borno, bayan an kashe masu tsintar ƙarfe da dama a dazukan da rikici ya shafa, gwamnatin jihar ta haramta sana'ar a 2023. Shi ma maƙerin unguwa abin ya taɓa shi: sifirin da a da bakanike zai ba shi a kan ɗan abin goro, yanzu sai ya yi takara da dillalin da ke loda tirela zuwa Kudu. Sikeli kuma bai san bambancin ƙarfen wuƙa da na ƙofa ba, in dai nauyinsu ɗaya.

Wannan ne na kai wa 'yan'uwana da na gama. Na ce idan aka auna ɗakin gaba ɗaya, za a sayar da zaɓen shekara hamsin a farashin tarkace. Yaya ya ce shi ba ya cin tarihi, yana da 'ya'ya a makaranta, kuma gaskiyarsa ce. Inna ce ta raba gardamar. Ƙarfen zubi da kwanon rufi da gawar janareta aka auna wa ɗan gwangwan. Jan ƙarfe da tagulla aka sayar daban, kuma kuɗinsu ya ba kowa mamaki. Sifiri da sauran ƙarfen ƙira aka yi musu kuɗi, wani matashin maƙeri, jikan dattijon nan, ya saya a kan zai biya kashi uku. Ɗakin ya samu ɗan haya kamar yadda Yaya ya so.

Ni na roƙi guntun ƙarfen dogon, aka sa shi a cikin rabona. Kafin a kwashe kayan na ɗauki hoton kowane tsibi, na kuma zauna da dattijon kwana uku ina naɗar muryarsa yana faɗin sunan kowane ƙarfe da abin da ake yi da shi. Ranar da matashin ya zo da kura, na tura masa hotunan da muryar kakansa a waya. Ya saurara kaɗan, ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki sifiri na farko ya ƙwanƙwasa a bakin ƙofa kafin ya ɗora.