Furotin ALG-2 na Ɗan Adam da Ake Haɗawa a Ɗakin Gwaji: Sake Duba Alaƙarsa da Mutuwar Ƙwayar Halitta

Tsakure

Wannan maƙala ta sake auna sakamakon da aka wallafa a kan furotin ALG-2 daga 1996 zuwa 2018, da nufin amsa tambaya ɗaya: shin hujjojin da ke hannu sun isa a ci gaba da ɗaukarsa a matsayin makashin ƙwayar halitta? Nazarin ya gano cewa aikinsa da ya tabbata shi ne jin hauhawar kalsiyam da tara wasu furotin a inda ake bukatarsu, sau da yawa don ceton ƙwayar. An kuma nuna abin da hakan ke nufi ga mai gwaji da samfurin da ake haɗawa a cikin bakteriya.

Gabatarwa

ALG-2 ƙaramin furotin ne mai amino asid 191, nauyinsa kusan kilodalton 22. Ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 5, kuma sunanta PDCD6, wato furotin na shida na tsararriyar mutuwar ƙwaya. Da wannan suna ake sayar da shi bayan an haɗa shi a cikin E. coli an tace. Ɗalibin da ya karanta sunan a jikin kwalba yakan tsara gwajinsa da zaton zai ga ƙwayoyi suna mutuwa, idan bai gani ba sai ya zargi hannunsa. Wannan ne ya sa muka ga wajibi a koma ga tushen sunan.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Vito, Lacanà da D'Adamio ne suka fara bayyana shi a mujallar Science a 1996. Sun yi aiki da ƙwayoyin garkuwar jiki nau'in T na ɓera waɗanda ake renonsu a faranti, suka ga cewa idan an daƙile ALG-2 ƙwayoyin suna tsira daga mutuwar da mai karɓar saƙo na T, ko Fas, ko sinadarin gulukokotikoid ke jawowa. Daga nan suka yanke cewa mutuwar ba ta yiwuwa sai da shi. A 1999 rukuni biyu, na D'Adamio da na Sadoul, suka gano abokin hulɗarsa ALIX, wanda ba ya kama shi sai da kalsiyam.

Inda muka saɓa da masu riƙe da matsayin 1996 shi ne rashin ba aikin Jang da abokan aiki na 2002 nauyin da ya kamata. Sun samar da ɓerayen da aka cire musu wannan ƙwayar gado ɗungurungum. Ɓerayen sun rayu, sun girma lafiya, kuma ƙwayoyinsu na T sun mutu yadda aka saba a ƙarƙashin abubuwa ukun nan da aka gwada tun farko. Abin lura, sunayen Lacanà da D'Adamio suna cikin marubutan wannan aiki. Masu kare tsohon ra'ayi sukan ce wani ɗan'uwansa ne, kamar feflin, ya rufe giɓin. Zato ne mai yiwuwa, amma mai da'awa shi ke da nauyin kawo shaida. Sannan a 2009 Høj da abokan aiki sun rage ALG-2 a ƙwayoyin HeLa, sai mutuwarsu ta ƙaru, wanda kishiyar abin da sunan ya yi alkawari ne.

Hanyar Bincike

An tattara ayyukan da suka yi gwaji kai tsaye a kan furotin ɗin, aka kasa su gida uku: na cirewa ko ragewa, na siffa, da na bin sawunsa a cikin ƙwaya mai rai. Duk inda sakamako ya ci karo, an fifita na dabba sukutum a kan na faranti.

Sakamako da Tattaunawa

Siffar furotin ɗin ita ta fi komai bayyana aikinsa. Yana da mariƙan kalsiyam biyar da ake kira hannun EF, kowanne kamar babban yatsa da manuni sun buɗe, ƙwayar kalsiyam ta zauna a lungun da ke tsakaninsu. Na ɗaya da na uku su ne suka fi kama kalsiyam da ƙarfi, na biyar kuwa da shi furotin biyu ke sarƙe juna su zama tagwaye. Tunda kowane ɗan tagwaye yana iya riƙe abokin hulɗa, ALG-2 kan zama gada tsakanin furotin biyu, misali ALIX da TSG101.

A 2008 Suzuki da abokansa na rukunin Masatoshi Maki a Jami'ar Nagoya da ke Japan suka nuna yadda makunninsa na kalsiyam yake. Lokacin da babu kalsiyam, reshen amino asid arjinin na 125 yana kwance a bakin wani aljihu mai ƙin ruwa. Da kalsiyam ya shiga hannu na uku, sai reshen ya kauce, aljihun ya buɗe, wani ɗan yanki na ALIX mai yawan furolin ya shige ciki. Tun a 2000 Tarabykina da abokan aiki a Kofanhagen sun bayyana wani nau'in ALG-2 da ya rasa amino asid biyu kacal, gilaisin na 121 da fenilalanin na 122, kuma wannan gajeren nau'i ba ya kama ALIX. Amma yana kama Sec31A, furotin da ke cikin rigar jakunkunan COPII masu kwashe kaya daga retikulum zuwa Golji, domin Sec31A ta wani aljihu daban yake shiga.

To, yaushe ne makunnin ke kunnuwa? Kalsiyam a cikin ruwan ƙwaya yana kusan nanomola 100, a waje kuwa milimola 1 zuwa 2, bambancin ya kai ninki 10,000 ko fiye. Duk hudar da ta sami tantanin ƙwaya, kalsiyam zai kwararo ta wurin. A 2014 Scheffer da abokan aiki sun huda tantanin ƙwayoyin tsoka da hasken leza, suka ga ALG-2 ya taru a bakin raunin, ya jawo ALIX da furotin ESCRT-III, aka tsuke wurin aka yanke ɓangaren da ya lalace. Ƙwayoyin da aka rage musu ALG-2 sun kasa ɗinke kansu yadda ya kamata. A 2018 Skowyra da abokan aiki sun ga makamancin haka a tantanin laisosom da ya fara tsagewa. A gwajin Scheffer, rashin furotin ɗin ne ke kusantar da ƙwaya ga mutuwa.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a teburin gwaji. ALG-2 furotin ne na cikin ƙwaya, ba shi da alamar fitarwa waje. Kuma sananne ne cewa idan an zuba kalsiyam mai yawa a kan tataccen samfurinsa, ruwan da yake garau sai ya yi hazo kamar an ɗiga nono a ciki, saboda fuskarsa mai ƙin ruwa ta bayyana ya dunƙule. Shi ya sa masu nazarin siffarsa sukan datse wutsiyarsa ta farko mai yawan gilaisin da furolin. Ruwan renon ƙwayoyi na DMEM yana ɗauke da kalsiyam milimola 1.8. Wanda ya zuba ALG-2 a cikinsa yana jiran afotosis, wato tsararriyar mutuwar ƙwaya, da wuya abin da ya auna ya zama aikin furotin ɗin na asali.

Iyakokin Bincike

Ba mu yi sabon gwaji ba, kuma dole mu yarda cewa aikin Jang ya fi mai da hankali ga ƙwayoyin T na ɓera. Akwai rahoton Rao da abokansa na 2004 da ya danganta ALG-2 da mutuwar da ke biyo bayan matsin retikulum, kuma furotin da ke riƙe abokai da yawa yana iya taɓa hanyar mutuwa a wasu ƙwayoyin. Wannan bai mayar da shi sharaɗin afotosis ba.

Muna kira ga duk wanda zai wallafa sakamako da ALG-2 na ɗakin gwaji ya faɗi ko mai amino asid 191 ne ko mai 189, ya faɗi yawan kalsiyam da ke ruwan gwajinsa, kuma ya gwada gurgun samfurin E47A/E114A, wanda ba ya amsa kalsiyam, a gefe guda don kwatantawa.