Kuskuren da Faifai Ya Adana

Frédéric Chopin ya rasu a Paris a 1849, shekara 28 kafin Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. Takardun kiɗansa kawai ya bari, takarda kuwa ba ta faɗin yadda yatsa yake taɓa fiyano.

A shekarar da na'urar ta bayyana, wato 1877, aka haifi Alfred Cortot a garin Nyon na ƙasar Suwizalan. Ya yi karatu a Paris wurin Émile Decombes, wanda ake lissafawa cikin almajiran Chopin. Wannan salsala ce ta sa faya-fayan da ya ɗauka a Landan a 1933 da 1934, na kiɗe-kiɗen Chopin 24 da ake kira Études, suka zama shaidar tarihi.

A lokacin, kowace fuskar faifan garmaho ba ta wuce minti biyar, kuma a kan kaki ake zana sautin kai tsaye. In yatsa ya zame, ko dai a sake daga farko, ko a bar shi haka. Cortot ya bar da yawa, masu suka kuma sun ƙirga su. Amma tare da kurakuran aka adana salon ƙarni na 19: a ja lokaci a sake shi, hannun hagu ya ɗan riga na dama, har fiyano ya zama kamar mai rera waƙa.

Da tef ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gyara ya sauƙaƙa, kuskure ya ƙaura daga faifai. Mai neman kiɗa marar aibu ya samu. Mai neman kusantar hannun Chopin kuwa, har yau sai ya haƙura da zamewar yatsun Cortot.