Tarihin Birkin Keke Da Darasin Gangaren Mokola

Yau ina so in ɗan taɓo tarihin wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato birkin keke, domin ni dai ya taɓa kusan kai ni lahira.

A Sabon Ibadan aka haife ni, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne, yana da wani baƙin keke Raleigh da ya taho da shi daga Kano tun yana saurayi, irin mai birkin ƙarfe ɗin nan.

Shi keke mai ƙafa biyu daidai da kaca, wani Bature John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885. Birkin wancan zamani wani ƙarfe ne kamar cokali da ke danne taya, kusan yadda yara ke taka taya da silifas. Da Dunlop ya kawo tayar iska a 1888, sai aka ga cokalin yana cinye ta, shi ne aka mayar da birki kan gargare. Daga nan aka samu birkin ƙarfe: ka matsa a hannu, sandunan ƙarfe su jawo roba biyu su kama cikin gargare. Kamfanin Raleigh na Nottingham ya baza irinsa a duniya, Phoenix na Sin, wanda muke ce wa Fonis, da Hero na Indiya suka bi sahu. Iyayenmu sun so shi don ba ya tsinkewa, kuma da sifana ɗaya mai faci zai gyara shi. Birkin waya kuwa tun 1896 Ernest Bowden ya yi rajistar wayarsa, shi ne a yawancin kekunan tokumbo na yanzu.

To amma birkin ƙarfe yana da aibu: idan gargaren ƙarfe ya jiƙe, roba sulɓewa take yi. A Kano ƙasa shimfiɗe take, damina gajera ce, mutum zai shekara bai gane ba. Ibadan kuwa tudu ne da gangara, ga ruwa wata da watanni.

Ina ɗan shekara 15 Baba ya aike ni da kwandon goro a kariya. An yi yayyafi, na biyo gangaren Mokola, na matsa birki har ya taɓa kan keke, ko gezau. Allah ne ya taimake ni na karkata na faɗa kwata, ba gaban mota ba. Goro ya watse, gwiwata ta yage.

Da na dawo na yi zaton duka zan sha. Sai Baba ya ce, "Ɗauko sifana, laifina ne da na ba ka keke ban ba ka gyaransa ba." Ya nuna mini robar ta cinye har ta kusa ƙarfe, muka sake sabuwa. Ya ce rufaffen bakin gidan robar ya fuskanci inda ƙafa ke juyawa, in ba haka ba robar fita za ta yi. Ya kwance notin sanda, ya matso da roba kusa da gargare ba tare da ta goga ba, ya ɗaure, yadda birki zai kama tun a rabin matsawa. Ya ɗiga mai a mahaɗai, ya ce kada ko ɗigo ya taɓa roba ko gargare. In gargare ya karkace, a kai a miƙe shi tukuna. A ruwa kuma a riƙa ɗan matsawa tun daga saman tudu don gargare ya bushe, kuma kada a fizgi na gaba shi kaɗai.

Har yau keken yana nan, ƙanena ke hawa. Kafin in ba shi sai da na zaunar da shi da sifanar nan. Mai keke a gida, don Allah ya tura shi ya matsa birki ya gani kafin ya aiki yaro.

Allah ya tsare mu, amin.