Hannun Riƙo da Bakin Ƙarfe: Nazarin Raunin Yatsu a Sana'ar Sassaƙa da Haɗa Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda gizago da wuƙa da mahuri ke raunata yatsun masassaƙa da maharba masu haɗa kibau. An auna yadda ake gudanar da ayyukan biyu da abin da tiyatar hannu da binciken lafiyar ma'aikata suka tabbatar. Matsayin maƙalar shi ne, haɗarin yana kan hannun da ke riƙe da ice, kuma samar wa icen wani mariƙi ya fi yi wa yaron sana'a faɗan ya yi hankali.

1.0 Gabatarwa

Masassaƙin ƙasar Hausa a zaune yake aiki. Gatari ke sare gungume, gizago ya fitar da siffa, kurfi ya rarake ciki, wuƙa ta gyara. Babban aiki kamar turmin ƙirya nauyinsa ke tsai da shi a ƙasa. Ƙaramin aiki kuwa, irin su muciya da ƙotar fartanya da allon aduwa, hagu ke riƙe da shi dama na sara, sau da yawa tsakanin yatsa da bakin ƙarfe bai kai taƙi ɗaya ba. Na maharbi ya fi haka matsewa, domin kyauro siriri ne, mulmulalle, mai santsi, ga shi sai an kankare shi, an huda bakinsa inda gindin ƙarfe zai shiga, an yi masa tsagar tsirkiya, sannan a naɗe. Idan aka yanke, abin da ake ji a rumfa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yarda da ƙaddara ba ta hana bin sababi, kuma sababin nan ba ɓoyayye ba ne.

2.0 Abin da ke ƙarƙashin fata

Tsokar da ke naɗe yatsa ba a cikin yatsan take ba, tana can a sangalin hannu, jijiyoyin motsi ke kawo ƙarfinta. Kowane ɗaya daga yatsu huɗu yana da irin waɗannan jijiyoyi biyu ta ɓangaren tafi, babban yatsa yana da doguwa ɗaya. A gefe da gefe kuma jijiyar ji da ta jini ke tafiya tare, dab da fata. Daga tsakiyar tafi zuwa tsakiyar yatsa jijiyoyin motsin biyu suna bin matsattsen kwararo guda, inda ɗinki ke yawan mannewa. Likitan tiyatar hannu na Amurka, Sterling Bunnell, ya shahara da gargaɗi a kan wuyar gyaran wannan wuri. Nan ne kuwa wuƙa ke sauka in ta zame daga kyauron da aka damƙe.

Ma'aunin nakasa na Ƙungiyar Likitocin Amurka yana lissafa rashin babban yatsa da kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu, manuniya da ɗan tsakiya kashi 20 kowanne. Ga mutumin da hannunsa ne jarinsa, wannan lissafin abincin gidansa ne.

3.0 Yadda raunin ke aukuwa

Dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi ɓarna. Sai an danna shi da ƙarfi kafin ya ci, kuma duk ƙarfin da aka tara, da zarar icen ya tsage ko bakin ya zame, sai ya tafi da ƙarfen gaba, hannu ba ya iya tsai da shi. Busasshiyar ƙirya ko marke, musamman wurin ƙulli, kan mayar da gizago gefe. Ƙota mai girgiɗi ma haka take yi, domin saran ba ya sauka inda ido ya nufa.

Binciken da Gary Sorock da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, a kan ma'aikata 1,166 da suka ji rauni a hannu a arewa maso gabashin Amurka, ya nuna cewa haɗari yana ninkuwa wajen sau 10 a lokacin da kayan aiki ya saɓa wa yadda aka san shi, ko aka sauya hanyar yin aikin. Rabuwar hankali da gaggawa sun biyo baya, safar hannu kuwa ta rage haɗarin da fiye da rabi. Masana'antun Amurka daban suke da rumfar masassaƙi, don haka ba za a ɗauko alƙaluman a ɗora kai tsaye ba. Amma jerin yana da ma'ana a nan: aron gizagon wani, da fiƙe ice da wuƙa don kurfi ya ɓace, da saurin a gama kafin ranar kasuwa.

Maharbi yana da ƙarin haɗari, wato dafi. Kwankwani, wanda ake haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, yana ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya, kuma ta rauni yake shiga jini. Mai ɗanyen yanka a yatsa bai kamata ya shafa dafi ba, kuma duk gyaran kunnen kibiya da magagari a gama shi kafin a shafa.

4.0 Kariya

Ƙa'idar lafiyar ma'aikata tana fifita kawar da haɗari a kan tufafin kariya. A nan ma'anarta ita ce hagu ya daina zama mariƙi. Gungume mai gurbi, ko turaku biyu da aka kafa a ƙasa aka matse aikin da 'yar tsinkar ice, ko irin matsin da kafintoci ke amfani da shi, duk suna wadatarwa. Kyauro a kwantar da shi cikin kwarin da aka sassaƙa a jikin katako kafin a huda ko a tsaga. Inda riƙon ya zama dole, hannu ya kasance bayan bakin ƙarfe, sara ya nufi waje, a kuma bar wa ƙaramin aiki dogon gindi na kamawa, sai an gama a datse shi. A ganin mai wannan nazari, wannan dabara ta ƙarshe ce ya kamata a fara koya wa yaro, tun kafin a miƙa masa gizago. Safar da ba ta yankuwa tana tare zamewar wuƙa, amma tsinin mahuri kan huda ta, kuma ba ta tare saran gatari.

5.0 Bayan an yanke

A danne wurin da tsaftataccen ƙyalle, a ɗaga hannu sama, a wanke da ruwa mai tsafta. Zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai yana buɗe ƙofa ga tetanus, cutar da ƙwayarta ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, wadda kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Allurar rigakafinta ta zama dole ga mai wannan sana'a. Sai gwaji biyu da kowa zai iya yi: a naɗe kowace gaɓa ta yatsan ita kaɗai, a kuma taɓa gefensa biyu a ji ko akwai ji. In ɗaya ya gaza, mai yiwuwa jijiya ta tsinke ko da yankan ƙarami ne, kuma ɗinke fata a kemis ba ya haɗa ta. Ana so likitan tiyata, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya gan shi cikin 'yan kwanaki, kafin tsoka ta janye jijiyar. Bayan ɗinki ana ɗaure hannu kimanin mako 6, aikin ƙarfi sai wajen mako 12, jijiyar ji kuma tana tofowa kimanin milimita 1 a rana. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da ɗanyen ƙyalle, a sa a leda, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ta ba; a sanyaye yana iya kai sa'a 24 ana sa ran dasa shi, ba sanyi kuwa kimanin 12.