Yadda Kulob ɗin Wimbledon Ya Tashi Daga Bakin Layin Dogo

Duk shekara idan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, lokacin da ƙwallon Turai ke hutu, za ka tarar wasu gidajen kallo na nan Sabo sun juya akwati zuwa Wimbledon. Koren fili shar, 'yan wasa cikin fararen kaya, 'yan kallo tsit kamar ana huɗuba. Samarinmu masu leƙa filayen tanis na Adamasingba sun haddace sunan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan fili da muke gani ba a nan aka fara ba. Tasowa aka yi daga wani wuri a 1922. Mu kuwa maganar tashi ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda ita kanta unguwar nan a 1916 aka ware wa kakanninmu ita, aka kwaso su daga cikin gari wajen Oja'ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi labarin wannan ƙaura, don ita masu wurin ne suka shirya ta da hannunsu.

A 1868 wasu mutum shida suka haɗu a ofishin wata mujalla mai suna The Field a Landan, suka kafa kulob. Ba ma na tanis ba ne. Na wani wasa ne da ake kira kuroke, inda ake dukan ƙwallon katako da doguwar guduma ta bi ta ƙarƙashin 'yan ƙarafa da aka kafa a ciyawa. Shekara ta zagayo suka karɓi hayar eka huɗu a gefen titin Worple, a Wimbledon, wadda a lokacin ƙauye ce a bayan gari da jirgin ƙasa ya fara jawo wa mutane. Filin yana manne da layin dogo. Kuɗin haya fam 50 ne a shekarar farko, 75 a ta biyu, 100 a ta uku.

Kafin a je ko'ina kasuwar kuroke ta fara ci baya. A 1874 wani tsohon soja, Manjo Walter Wingfield, ya yi rajistar wani sabon wasa na raket da raga a kan ciyawa, mutane suka yi masa caa. Kulob ɗin ya ware fili ɗaya don shi a 1875. A 1877 kuma aka shirya gasa ta farko, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne, kuɗin gyaran rola ake nema, wato katon ƙarfen nan da ƙuru ke ja yana daddaɓe ciyawa. Mutum 22 suka shiga, kowa ya biya fam ɗaya da sule ɗaya. Ranar ƙarshe 'yan kallo wajen 200 suka biya sule ɗai-ɗai, suka ga Spencer Gore ya doke William Marshall cikin minti 48. Ribar da aka ƙirga fam 10 ce. Kun ji mafarin abin da duniya ke kallo yau.

Baƙo ya zo ya fi mai gida. Zuwa 1882 har an cire kalmar kuroke daga sunan kulob ɗin, sai a 1899 aka maido ta don kara. Mata suka samu tasu gasar a 1884. A tsarin wancan wuri, babban filin yana tsakiya ne, sauran sun kewaye shi, saboda haka ake ce masa Filin Tsakiya. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

To, eka huɗu dai eka huɗu ce. Layin dogo ta nan, gidaje ta can, babu inda za a matsa. An yi ta ƙara rumfuna har aka rasa wurin kafa wata. Abin da ya ƙarasa zancen shi ne bayan Yaƙin Duniya na Farko, da aka dawo wasa a 1919. Wata 'yar Faransa mai shekara 20, Suzanne Lenglen, ta kara da Dorothea Lambert Chambers, mai shekara 40 wadda ta ci kofin sau bakwai. Sarki George na Biyar da matarsa suna zaune, mutum wajen 8,000 sun cunkushe. Sau biyu saura maki ɗaya a cinye yarinyar, ta ƙwace, ta kuma ci wasan. Daga nan kowa sai ya ga Lenglen. Ga kuma Bill Tilden na Amurka da ya ci na maza a 1920 da 1921. Layin masu neman shiga ya riƙa miƙewa a titi, ana mayar da mutane gida da kuɗinsu a hannu.

A nan ne shugabannin kulob ɗin, da sakatarensu George Hillyard, suka yi abin da a ganinmu shi ne zuciyar labarin. Ba su jira wata hukuma ta zo ta ce cunkoso ya yi yawa, ku tattara ku bar nan ba. Tun a 1920, suna kan ganiyarsu, suka nemi sabon wuri a titin Church, duk dai a cikin Wimbledon ɗin, eka goma sha uku da rabi. Kuɗin fa? Wurin 'yan kallonsu suka nema. Suka fitar da takardun bashi, kowace fam 50, wanda ya saya yana da kujerarsa a babban fili duk ranar gasa. Ka ga mutumin da jiya ake korarsa a ƙofa, yau ya zuba kuɗinsa a ginin, shi zai fi kowa son a gama. Ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kuɗin kafin alƙalami a hannun abokan ciniki don ya gina rumfa zai gane dabarar nan take. Har gobe da wannan takarda kulob ɗin ke tara kuɗin manyan gine-ginensa, ana sabunta ta duk shekara biyar, sai dai farashinta yanzu ba na talaka ba ne.

Wani mai zanen gini, Stanley Peach, shi ya tsara sabon filin, na kankare, mai ɗaukar mutum kusan 14,000. Masu surutu ba su rasa abin faɗa ba. Suka ce an yi gini ya fi ƙarfin wasan, wa zai cika wannan wuri? Ranar 26 ga Yuni 1922 Sarki George ya zo ya buɗe, ya buga kuge sau uku. Sama kuwa ta ce ga ni nan. Ruwa aka yi ta yi kusan kullum, har sai da gasar ta shiga mako na uku kafin Gerald Patterson na Ostareliya ya ɗauki kofin maza. Lenglen ta riga ta gama da Molla Mallory, 6-2 da 6-0, cikin ƙasa da rabin awa. Duk da ruwan, jama'a sun zo, masu cewa ba za a cika ba suka yi shiru. A wasan farko ma, ɗaya daga cikin 'yan wasan, Leslie Godfree, da aka buga ƙwallo ta farko sai ya tsince ta ya jefa aljihu don tarihi.

Sun yi amfani da ƙaurar sun yar da wata tsohuwar al'ada. A da, wanda ke riƙe da kofi zama yake yi abinsa, sauran su yi ta fafatawa, wanda ya fito shi zai kara da shi wasa ɗaya. Daga 1922 aka ce kowa ya faro daga zagayen farko. Amma akwai abin da suka ƙi bari a baya. Tsohuwar rolar nan, wadda don ita aka fara gasar, jawo ta aka yi zuwa sabon wuri, ta yi shekaru a ajiye a gefen babban fili. Sannan sunan. A titin Church babban filin a gefe aka gina shi, ba a tsakiya ba, amma aka ci gaba da ce masa Filin Tsakiya. Shekara 58 sunan yana ƙarya, sai a 1980 da aka ƙara filaye huɗu ta arewa ya dawo gaskiya. Mu da muke kiran unguwar da ta haura shekara ɗari da suna Sabo, ai ba mu da bakin yi musu dariya.

Tsohon wurin bai zama kango ba. An sayar wa makarantar 'yan mata ta Wimbledon, har yau nan ne filin wasanninsu.

Sabon wurin ya ga nasa rabon. A Oktoban 1940 bam ɗin Jamus ya faɗa kan rufin Filin Tsakiya, aka yi asarar kujeru 1,200. A nan ne kuma ɗan Najeriya Nduka Odizor ya fitar da Guillermo Vilas a 1983, ya kai zagaye na huɗu. A 2009 aka sa wa filin rufi mai buɗewa da rufewa, maganin ruwan da ya ɓata bikin buɗewa.

Yanzu wurin ya sake yi musu kaɗan, har wasannin share fage ma a Roehampton ake yin su. Wannan karon ba tashi suke so su yi ba, tsallaka titi suke so. Sun sayi ƙasar filin golf da ke daura da su a 1993, suka biya 'yan kulob ɗin golf fam miliyan 65 a 2018 don su saki hayarsu da wuri. Shirin shi ne sababbin filaye 38 da wani babba mai kujeru 8,000. Maƙwabta suka ce ba su yarda ba, domin lokacin cinikin 1993 an yi alƙawarin ba za a cika wurin da gini ba. Ofishin magajin garin Landan ya amince da shirin a 2024, su kuma mutanen unguwa suka haɗa kuɗi suka ɗauki lauya, suka kai shirin kulob ɗin da ya fara da hayar fam 50 gaban alƙali.