Na Biyu Yana Nan Tafe: Tarihin Fitar da Manhaja a Kan Lokaci

Duk wanda ya saba sayen littattafanmu a kasuwar Sabon Gari ya san jimlar nan ta shafin ƙarshe, wato "mu haɗu a na biyu". Wani na biyun sai a shekara ana jira, har mai shago ya gaji da ba da haƙuri. To ashe ba mu marubuta kaɗai ke da wannan ciwo ba, masu haɗa manhajar kwamfuta ma sun sha fama da shi, kuma tarihin yadda suka magance shi nake son kawo muku yau.

Akwai manhajar da ake barin rubutunta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fitar da Linux ta wannan hanya. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, inda 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke aiki tare. Al'adarsu ita ce ba a fitar da sabon bugu sai ya nuna. Amma bugun da ya fito a Yulin 2002 bai samu magaji ba sai Yunin 2005, kusan shekara uku mutane na aiki da tsohon kaya.

Ana cikin wannan jira ne Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a Oktoban 2004, ya kuma tsayar da doka: sabon bugu duk wata shida, Afrilu da Oktoba. Lambar ma shekara ce da wata, shi ya sa na farkon ya zama 4.10. Kafin ranar ana rufe ƙofa, aikin da bai kammala ba ya jira mota ta gaba. Sau ɗaya aka ɗaga, a 2006, bugun Afrilu ya koma Yuni, suka rubuta 6.06 kowa ya gani.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an bar wa na'ura aikin maimaici. Da mutum ya turo gyara, kwamfuta ce ke harhaɗawa ta gwada, idan wani abu ya lalace ta sanar tun kafin ya kai ga jama'a. Masu Firefox ma a 2011 suka koma fitarwa duk mako shida, a 2020 suka rage zuwa huɗu.

Mu mutanen Samaru wannan tsari ba baƙonmu ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda tushenta ya faro a 1922, ta daɗe tana fitar da iri da lamba: SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa. Sai an gwada a gonar cibiya da gonakin manoma, kwamitin ƙasa ya amince, sannan a sake shi, kamar SAMPEA 20-T a 2019. Dalili kuwa, irin da ya ba da kunya damina guda ya cinye wa manomi.

A ganina 'yan'uwa marubuta, mu ma mu tsayar da rana, mu ba wani ya tace, mu cika alkawari. Mai karatun da ya yi sawu uku bai samu na biyu ba, da wuya ya sayi na ɗayanmu na gaba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.